Wasan Bin Kiɗa a Intanet

Wataƙila ka taɓa ganin wani yaro a shagon kwamfuta a Jalingo ya ƙura wa allo ido, yatsunsa na rawa a kan madannai, yana kaɗa kai. Can sai ya yi tsaki, ya sake farawa. Wasan bin kiɗa yake yi.

Ga yadda ake yin sa. Za ka buɗe shafin wasan a intanet, ba sai ka sauke komai ba. Da waƙa ta fara, sai kibiyoyi su riƙa hawa allon, wata ta nuna hagu, wata dama, wata sama, wata ƙasa. Aikinka shi ne ka danna madannin da ya dace daidai lokacin da kibiya ta isa gurbinta. In ka yi gaggawa ka kuskure, in ka yi jinkiri ma haka. Kamfanin Konami na ƙasar Japan ne ya yaɗa wannan salo a 1998 da wasan Dance Dance Revolution, wanda ake takawa da ƙafa. A 2020 aka fito da Friday Night Funkin', wanda ake yi da yatsu a shafin Newgrounds.

Me ya sa mutum zai faɗi sau talatin amma ya ƙi haƙura? Saboda kuskurensa yana bayyana nan take, ya san inda ya yi shi, kuma bayan ɗan lokaci zai sake isa wurin ya gwada. Haka abin yake a dandali: yarinyar da ta saɓa tafi a wasan gaɗa ba ta bukatar a gaya mata.

A nan ne wasan ya shafe ka, kai mai koyon Hausa. Harshen nan ma yana da gaggawa da jinkiri. In ka gajarta "ga" a kalmar "gari", Jalingo ko Wukari kake nufi. In ka ja ta, sai ka koma maganar abin tuƙa tuwo. Karin sauti kuma shi ke raba kukan jariri da kukar miya, shi ne kuma abin da makaɗin kalangu ke kwaikwaya har a gane maganarsa. Idan Mumuye ko Jukun kake ji a gida, kunnenka ya saba da hawa da saukar murya. Idan Fulatanci ne, jan wasali ba baƙonka ba ne, amma karin sauti zai ɗan wahalar da kai.

Ban ce wasan zai koya maka Hausa ba, kuma yana cin lokaci da kuɗin data fiye da yadda masu yin sa ke yarda. Abin da za ka ɗauka daga cikinsa shi ne dabarar: ka ware wurin da ke kayar da kai, ka yi ta maimaita shi. Ka sa wani Bahaushe ya faɗi "gari" iri biyun, kai kuma ka riƙa tafawa a tebur, gajeren tafi ga gajeriyar gaɓa, tafi da ɗan tsayawa ga doguwa, har ya daina gyara maka.