Kyanwar Bakin Ruwa: Daga Kamun Ɓera zuwa Abokiyar Zama a Ƙasar Yawuri

Daga Yelwa har zuwa Warra, duk inda aka hura wutar banda za ka tarar da kyanwa a kusa. Ba wanda ya sayo ta, ba wanda ya kawo ta. Ƙarnin kifi ne ya kira ta, ta zo ta samu gindin zama a bayan murhu, tana jiran hanji da kawunan da masu gyaran kifi ke zubarwa. Wannan ba sabon abu ba ne. Abin da ya sauya shi ne matsayinta a cikin gida. A da, iyakarta rumbu da bakin madafa, in ta matso kusa da tabarma a daka mata tsawa. Yanzu ana ƙara samun gidajen da ake ajiye mata kasko nata na kanta, a raɗa mata suna, ta kwana a ƙarshen gadon tsohuwa, in ta yi kwana biyu ba a gan ta ba a tura yara cigiya maƙwabta. Ya dace a tambaya: me ya kawo wannan sauyi, kuma wa ke biyan kuɗinsa?

Tushen farko shi ne ruwan kansa. An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka kammala a 1968, tafkin ya cika ya shanye tsibirai da garuruwa, aka tayar da mutane wajen 44,000 zuwa sababbin matsugunai. Gungawa da suka saba noman albasa a tsibirai suka hau tudu, masunta Sarkawa da na wasu wurare suka kwararo suka kafa tungaye a gaɓar tafkin. Kowace tunga tana da wurin sauke kifi, wurin fiɗa da wurin banda, kuma kowane ɗayansu ma'ajiyar abinci ce ga kyanwa. Ita kuwa ba ta da nawar haihuwa. Tun tana wata shida take iya ɗaukar ciki, cikin nata wajen kwana 65 ne, takan haifi uku zuwa biyar, kuma takan maimaita sau biyu ko uku a shekara. A ƙauyen da ke nesa da ruwa, yunwa ce ke kashe yawancin 'ya'yan. A bakin tafki kuwa, inda ake yanka tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa kullum safiya, da dama daga cikinsu suna rayuwa. Idan sun yi yawa a bakin banda sai su bazu cikin unguwa, kowace ta nemi gidan da ba a jifa.

Sai kuma shinkafa. Tun da aka ƙaddamar da shirin bayar da rancen noma na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, noman shinkafa ya bunƙasa a jihar, har da fadamun Yawuri da Shanga. Buhunan shanshera suka cika ɗakuna da shaguna, ɓera ya bi su. Ga kuma tsoron zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, wadda wani nau'in ɓeran gida ke yaɗawa ta fitsari da kashinsa a kan abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta sanya ajiye kyanwa cikin hanyoyin rage ɓera a gida, tare da rufe hatsi da nisanta juji. Sai dai kada a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Wani bincike da aka yi a gidajen karkara na ƙasar Eswatini, aka wallafa a 2017, ya nuna cewa ɓeraye sun fi ɗari-ɗari da gidan da ke da kyanwa da kare tare. Inda ɗaya ne kawai, bambancin bai taka kara ya karya ba. Duk wanda ya taɓa ganin kyanwa ta yi arba da gafiya ta kauce mata hanya ba zai yi mamakin wannan ba.

Amma kifi da shinkafa suna bayyana yawan kyanwa ne kawai. Ba su bayyana dalilin da ya sa aka buɗe mata ƙofar ɗaki ba. A ganina wannan dalili yana cikin abin da ya samu gidajen kansu.

Gidan Bahaushe ko Bagunge na da ba ya rabuwa da hayaniya: kishiyoyi, jikoki, surukai, awaki a turke, kaji a tsakar gida. Yau samari sun watse, wasu ci-rani a Legas da Abuja, wasu ramukan haƙar zinariya, wasu sun bi kifi zuwa wasu ruwaye. Ga kuma musibun da suka zo a jere. Ranar 26 ga Mayun 2021 jirgin ruwa ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse kusa da Warra, kaɗan ne suka tsira. Ba a cika wata guda ba, ranar 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, wasu daga cikin 'yan matan suka kusa shekara biyu a hannunsu. Hare-hare a ƙauyukan Ngaski da Shanga sun sa iyalai da dama sun bar gonakinsu sun koma garuruwa, suna raɓe a ɗakin haya ko a gidan ɗan'uwa. Matar da ta saba tashi da asuba ta ba awaki dusa, ta buɗe wa kaji akurki, ta wayi gari ba ta da ko ɗaya: an kore shanun, an sayar da awakin an biya kuɗin fansa ko kuɗin mota. Hannun da ya saba ciyarwa ba ya son zama haka nan.

To wace dabba ce irin wannan mata za ta iya riƙewa? Akuya tana son fili da harawa, ga ɓarawo. Kaza tana son tsaba. Kyanwa ba ta buƙatar turke, ɗan bindiga ba ya kora ta daji, mai gidan haya ba ya ƙara kuɗi saboda ita, abincinta kuwa ragowar tuwo ne da ƙayar kifi. Ita ce kaɗai dabbar da talauci da rashin tsaro ba su iya ƙwacewa. Kuma tana yin abin da akuya ba ta yi: tana zuwa da kanta ta goga jiki a ƙafar mutum, ta hau cinya, ta yi gurnaninta. Ga mai takaba da ke zaune a ɗaki wata huɗu da kwana goma, bayan 'yan gaisuwa sun ɗauke ƙafa, ko tsohon masunci da idonsa ya daina ganin saƙar koma, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutanenmu ba su saba cewa "kaɗaici ya dame ni" ba, ana ganin kamar rashin tawakkali ne. Amma tsohuwa za ta ce maka, "Ɗan nan, ita ke ɗebe mini kewa," ba tare da jin kunya ba.

Addini ya sauƙaƙa wannan hanya. Kowane ɗan makarantar allo ya san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba, kamar yadda ya zo a Buhari da Muslim. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai ruwayar Abu Ƙatada da ke nuna kyanwa ba najasa ba ce, har ana alwala da sauran ruwan da ta sha. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi ma da 'yar kyanwa aka yi masa alkunya. Saboda haka malami ba zai hana ba. Kare ne ke da wuyar sha'ani: a mazhabar Malikiyya an yarda a riƙe shi don farauta ko gadin dabbobi ko gona, ba don zaman ɗaki ba. Sai dai rashin tsaro ya sa gidajen da ke gefen gari sun ƙara riƙe shi, kuma masu sharhin Risala sun daɗe suna ba da labarin cewa marubucinta, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare a gidansa lokacin da tsoro ya yi yawa, da aka tuna masa ra'ayin Malik sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin wannan zamani da zaki ma zai ajiye. Abin da ya rage wa kyanwa shi ne camfi. Har yanzu baƙar kyanwa tana shan jifa a wasu unguwanni, ana cewa mayya ce ko aljana, kuma ita ce ta ƙarshe da ake ɗauka idan uwa ta haihu.

Masana a waje sun gwada auna wannan ɗebe kewa. A Jami'ar Jihar Washington ta Amurka, Patricia Pendry ta gudanar da gwaji da ɗalibai 249, aka wallafa a 2019, inda aka ga sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin damuwa ya ragu a yawun waɗanda suka yi minti 10 suna shafa kyanwa ko kare. A shekarar dai, Kristyn Vitale ta Jami'ar Jihar Oregon ta nuna cewa kusan biyu bisa uku na kyanwoyin da ta gwada suna samun natsuwa idan mai su ya dawo ɗaki, kwatankwacin yadda ake gani ga jarirai da iyayensu. Wato ba don kasko kaɗai take zuwa ba. Amma a yi hattara: ɗalibin da jarrabawa ta dama daban, uwar da ruwa ya ci 'ya'yanta biyu daban. Kyanwa tana rage nauyin yini, ba ta maye gurbin zumunci, kuma dangin da suka ce "ai tana da magenta" suka rage leƙo tsohuwa sun fake ne da guzuma.

Matasa kuma nasu salon daban ne. Kiwon tattabara tsohuwar sha'awa ce, ga zomo, ga aku. Abin da waya ta ƙaro shi ne kyanwar ado mai yalwar gashi, irin ta Farisa, da ake tallatawa a Instagram da TikTok daga Kano da Abuja. Wannan kwalliya ce ta masu hali, kuma dabbar da aka halitta da bargo a jiki ba ta da abin yi a zafin Afrilun Yelwa da ke haura digiri 40.

Yanzu ga ɓangaren da masu son kyanwa ba su cika son ji ba. Wanda ke jin daɗinta daban, wanda ke ciyar da ita a zahiri daban. Mai banda da ta kwana tana juya kifi, ta wayi gari an ja mata manya biyu daga kan waya, asararta ba ta wasa ba ce, musamman yanzu da kamu ya ragu, itace ya yi tsada. Mai kiwon kaji ma yana kuka da muzurun unguwa. Idan aka kai ƙara sai a ji amsar da kowa ya sani: "Inna, mussar nan taki ce?" "A'a, ɗana, zuwa dai take yi." Ranar daɗi ta gida ce, ranar ɓarna ta Allah ce. Daga nan sai a koma ga guba. Shinkafar ɓera da ake barbaɗawa a shaguna ba ta tsayawa kan ɓera. Kyanwar da ta ci ɓeran da ya sha guba ita ma takan bi shi. Wani lokaci da gangan ake sa mata a kan kifi. Sakamakon kuwa a bayyane yake: an kashe mai gadi, ɓera ya samu sarari, a sake sayen guba, kuma duk wannan a wurin da ake shanya abincin mutane. 'Ya'yan da suka yi yawa kuma a zuba su a buhu a kai bayan kasuwa ko ƙofar masallaci, inda da ma daga can uwarsu ta fito.

Wannan rashin takamaiman mai ita ya fi yin illa ta fuskar lafiya. Ciwon haukan kare yana kashe mutane kimanin 59,000 a duniya kowace shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya. Kusan duka ta cizon kare ake kamuwa, amma kyanwar da mahaukacin kare ya ciza tana iya ɗauka ta kai wa yaron da ke wasa da ita, kuma da zarar alamun ciwon sun bayyana, da wuya a tashi. Akwai kuma ƙwayar cutar da ke cikin kashin kyanwa wadda ke iya illata ɗan tayi idan mai ciki ta kamu da ita. Bai kamata mai juna biyu ta zama ita ke kwashe shi ba, kuma a gidajenmu sharar tsakar gida aikin mata ne. Allurar rigakafi tana nan, cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana yin ta kare. Sai dai wa zai ɗauki dabbar da "zuwa take yi" ya shiga kwale-kwale da ita zuwa asibitin dabbobi? Aikin likitan dabbobi a karkarar Kebbi ya fi karkata ga shanu da tumaki, inda dukiya take. Fiɗiyar kyanwa ko ɗaure mata mahaifa kuwa abu ne da yawancin mutane ba su taɓa jin ana yi ba, wasu ma za su ce shiga hurumin Ubangiji ne, alhali suna dandaƙe bunsuru da sa ba tare da wani ɗar ba.

Birnin Istanbul ma cike yake da kyanwoyin da ba su da ubangida, unguwa ce ke ciyar da su. Bambancin shi ne a 2004 dokar Turkiyya ta ɗora wa hukumomin gari kama su, yi musu fiɗiya da rigakafi, sannan a mayar da su inda aka ɗauko su. Ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga ba su da irin wannan kuɗi, amma suna da abin da zai iya ɗaukar wani ɓangare na aikin. Kowace tunga tana da mai unguwa da sarkin ruwa, masu kifi suna da ƙungiyoyinsu, kuma ma'aikatan dabbobi suna zagayawa rigakafin shanu. Ƙara kare da kyanwa a wannan zagaye, ko a ware 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, a yi allura a kasuwannin kifi inda dabbobin ke taruwa da kansu, ya fi jiran mai ita ya bayyana. Kafin a kai ga haka, abin da ke hannun kowane gida shi ne sabulu da ruwa: duk wanda kyanwa ko kare ya ciza ko ya yakusa har fata ta fashe, a wanke wurin na tsawon minti 15, a kama hanyar asibiti a ranar, ko da jirgin kasuwa sai jibi.