Abin da Ya Kamata Ku Sani: Littattafan da Suka Ba da Labarin Manoma, Daga Bakalori Zuwa Sikotilan

Duk wanda ya tashi a Dosara, ko a wani ƙauye tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun, ya san madatsar ruwa ta Bakalori tamkar tafin hannunsa. Ya san lokacin da ake sakin ruwa a kanal, ya san kuɗin takin bana, ya san gonar da ke ba da shinkafa da wadda gishiri ya ci. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, an yi rubutu mai yawa a kan wannan ƙasa da manomanta, ana karanta shi a jami'o'in Turai, amma kusan dukkansa da Turanci yake, kuma masu labarin ba su taɓa ganin bangonsa ba.

A tsakanin 1974 da 1978 aka gina madatsar a kan Gulbin Sakkwato, kamfanin Impresit na Italiya ne ya yi kwangilar. Tafkin ya mamaye kimanin hekta 8,000, aka tashi dubban mutane daga gidajensu da fadamunsu, aka tsara noman rani a hekta 23,000. A yankin ban ruwan, an hana manoma shiga gonakinsu damina bayan damina domin a baje ƙasa, aka sare ɗorawa da tsamiya da kuka, iyakokin da kaka da kakanni suka sani suka ɓace a ƙarƙashin katafila. Da batun diyya ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, manoma suka tare hanyoyin aikin. A ƙarshen watan Afrilu na 1980, zamanin gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka faɗa wa Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba. Wasu masu bincike suka ce sun haura 380.

Wannan tazara tsakanin alƙaluman biyu ita ce dalilin da ya sa littafi yake da muhimmanci. Da a ce an bi gida gida a wancan lokaci an rubuta sunayen mamatan daga bakin iyalansu, da yau babu gardama.

Mutum biyu suka fi yin fice a rubutun Bakalori. Björn Beckman, ɗan Suwidin da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi nazarin yadda manoma suka yi tsayin daka da gwamnati da kamfani. Shi da Gunilla Andrae kuma suka fitar da The Wheat Trap a 1985, inda suka nuna yadda son burodi da burin noman alkama suka jawo manyan madatsu a Arewa. William Adams na Jami'ar Kambirij shi kuwa ya bi gulbin ya gangara, ya duba abin da ya sami mutanen ƙasa da madatsar. Ambaliyar da ke shayar da fadama kowace shekara ta ragu, masu shinkafa suka koma gero da dawa, noman rani na bakin gulbi ya ja baya, kifi ya yi ƙaranci a komar sarkawa. Waɗannan ba a lissafa su cikin masu karɓar diyya ba, domin ruwa bai ci gonarsu ba, janyewa ya yi. Ya kawo wannan bayani a littafinsa Wasting the Rain na 1992.

Idan aka fita daga Zamfara, akwai Rural Hausa na Polly Hill, 1972, a kan Batagarawa kusa da Katsina. Ta zauna ta auna gonaki, ta bayyana yadda gandu yake tafiya tsakanin uba da 'ya'yansa, da gayaunar da ɗa yake nomawa don kansa, da jinginar gona, da falle, wato bashin da talaka ke ci da damina ya biya da dami bayan girbi. Ta nuna yadda wanda rumbunsa ya ƙare da wuri yake barin gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani, sai tasa ta ƙi, baɗi ya sake faɗawa cikin rami ɗaya. Michael Watts ya rubuta Silent Violence a 1983 kan tarihin yunwa a ƙasar Hausa da yadda harajin Turawa ya raunana dabarun jure fari. Mafi daɗin karatu a wurina shi ne Baba of Karo na 1954, domin a nan wata tsohuwa Bahaushiya ce ke magana da kanta, Mary Smith tana rubutawa.

To me ya kawo Sikotilan cikin wannan zance? Ƙasa ce a arewacin Birtaniya, kuma mutanen tsaunukanta sun rayu ƙarnuka a tsarin zuri'a: MacDonald, MacLeod, Mackay, Campbell. Kowace zuri'a da shugabanta da yankinta, talakawa suna noma suna kiwo bisa amannar cewa ƙasar da kakanninsu suka zauna hakkinsu ce, ko da babu takarda. Bayan yaƙin Culloden na 1746 gwamnatin Landan ta karya ƙarfin shugabannin, su kuma sannu a hankali suka rikiɗe suka zama masu karɓar haya. Da suka ga tumaki sun fi mutane kawo kuɗi, sai suka shiga korar danginsu. A yankin Sutherland, a 1814 da 1819, an ƙone gidaje a kwarin Strathnaver, aka tura mutane bakin teku kan duwatsu, wasu suka hau jirgin ruwa zuwa Kanada. An gurfanar da wakilin mai ƙasa, Patrick Sellar, a 1816, kotu ta wanke shi.

Labarin bai mutu ba saboda wani magini mai suna Donald MacLeod, ɗan kwarin, ya rubuta a jarida abin da idonsa ya gani, daga baya aka tara shi littafi. A 1883 Alexander Mackenzie ya haɗa irin waɗannan shaidu a littafi guda. A shekarar ce kuma, bayan arangamar manoma da 'yan sanda a tsibirin Skye a 1882, gwamnati ta kafa kwamitin Napier. Kwamitin ya bi ƙauyuka da tsibirai ya saurari sama da mutum 700, da yawansu da harshensu na Gelik, tafinta yana fassarawa, aka buga maganarsu yadda suka faɗe ta. Manomin farko da ya tsaya gabansu, Angus Stewart, sai da ya nemi tabbacin ba za a kore shi daga gonarsa ba kafin ya buɗe baki. A 1886 majalisa ta yi dokar da ta ba ƙananan manoman nan damar zama a filayensu ba tare da tsoron kora ba, su kuma gadar wa 'ya'yansu. Masana irin su James Hunter, mai The Making of the Crofting Community na 1976, daga wannan rumbun shaida suka ɗebo. A 1997 mutanen tsibirin Eigg suka haɗa kuɗi suka sayi tsibirinsu baki ɗaya.

Sai dai a yi hattara da littattafan tarihin zuri'a, nasu da namu. Da yawansu jerin shugabanni ne da yaƙe-yaƙe da kirari, ba ka jin ɗuriyar wanda ya riƙe kalme. Muna da tarihin Zamfara a rubuce: Kurt Krieger ya fitar da nasa da Jamusanci a 1959, Garba Nadama ya yi digirin digirgir a kai a Zariya a 1977, kafin ya gaji Shehu Kangiwa a kujerar gwamnan Sakkwato. An san labarin faɗuwar Birnin Zamfara a hannun Gobirawa a ƙarni na 18, an san zaman wa'azin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Faru, an san gidajen Sarkin Mafara da Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Kayan Maradun. Duk wannan dukiya ce. Amma wane gida ne ya fara sare dajin wani ƙauye, wace fadama ce ta wane dangi kafin 1974, ina burtalin Fulani ya bi, wa ya ci sarautar noma da dami nawa: waɗannan suna cikin kawunan tsofaffi da bakin makaɗa. Musa Ɗanƙwairo, haifaffen ƙasar Bakura, a gidan kiɗan noma ya tashi kafin ya zama makaɗin fada, kuma faifansa da na Sa'idu Faru suna ɗauke da sunayen mutane da garuruwan da babu su a kowace takarda.

Lokaci kuwa ba ya jira. Waɗanda suka ga tsohuwar Maradun kafin ruwa ya rufe ta yanzu sun manyanta. Ta'addancin 'yan bindiga ya watsa ƙauyuka da dama a wannan yanki, dattawa suna rasuwa a gidajen haya a Gusau da Mafara, nesa da gonakinsu. Ranar da aka koma, rigimar iyaka ce za ta tarbi mutane, kuma dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, mai takarda ya fi mai baki ƙarfi a gaban hukuma.

Aikin bai fi ƙarfinmu ba. A 1790 Sir John Sinclair ya aika wa limaman coci na kowace gunduma ta Sikotilan tambayoyi 160 kan ƙasa da amfanin gona da farashi da yawan jama'a, amsoshin suka cika mujalladi 21 da aka buga tsakanin 1791 da 1799. Muna da limamai da malaman firamare a kowane gari, muna da ɗaliban Kwalejin Noma ta Bakura da na Kwalejin Abdu Gusau da ke Talata Mafara, kusan kowa da wayar da ke naɗar murya. A zauna da tsoho ko tsohuwa, a fara da sunansa da na iyayensa da garin da aka haife shi, a tambaye shi gonakin gidansu da maƙwabtan kowace gona gabas da yamma, da irin da suke shukawa, da shekarun yunwa da sunayensu, da abin da aka ba shi diyya. A rubuta da Hausa ko da ajami, a sa kwanan wata da sunan shaidu, a bar kwafi a gidan, a kai wani gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato ko Gidan Arewa a Kaduna.