Mazari da Injin Huda Ƙarfe

Duk tsohuwar da ta yi kaɗi a Kwatarkwashi ta san cewa idan mazari ya lanƙwashe, ko gululunsa ya zauna a karkace, komai gwanintar hannu zare ba zai fito daidai ba. Mazarin zai riƙa lilo, nan zare ya yi kauri kamar abawa, can ya sirance har ya tsinke.

Irin wannan lilon ne ke ɓata aikin masu walda da kanikawa a shagunan Gusau, Tsafe da Bunguɗu. Bakin injin huda ƙarfe haƙora uku gare shi, su ke damƙe tsinken huji. Wani Ba'amurke mai suna Arthur Jacobs ne ya yi rajistar irin bakin da ake ɗaurewa da makulli a 1902. Aikin haƙoran nan shi ne su riƙe tsinke a tsakiya cak. Da ɗaya ya lalace, ko garin ƙarfe da ƙurar hunturu suka maƙale a ciki, sai tsinke ya kauce, ya fara rawa.

Kaucewar ba ta da yawa a ido, amma ɓarnarta ninki biyu ce. Idan tsinin ya bar tsakiya da milimita 0.1, rami na iya ƙara faɗi da milimita 0.2. Gefe ɗaya na tsinken ne zai ɗauki nauyin yankan, ya yi zafi, ya dakushe da wuri, ƙaramin tsinke kuwa ya karye. Kuma gwargwadon tsawon tsinke, gwargwadon girman rawarsa.

Mai kaɗi tana iya tsinke zaren da ya ɓaci ta sake haɗawa, amma ramin da ya yi faɗi a ƙarfe ba ya komawa. Manomin da ya kai garmar shanu gyara shi zai biya kuɗin wannan sakaci, ranar da ƙusa ta kwance masa a tsakiyar huɗa, ga damina ba ta jiran kowa.

Gwajin ba shi da wuya. A ɗaura miƙaƙƙen ƙarfe a bakin injin, a juya da hannu, a matso da alli a hankali. Idan allin ya zagaye ƙarfen, lafiya lau. Idan gefe guda kawai ya shafa, akwai rawa. Manyan masana'antu da agogon awo suke yin wannan, mai nuna kashi ɗaya cikin 100 na milimita.

Kafin a zargi injin, a goge haƙoran da gindin tsinken, a ɗaure da makulli ta duka ramuka ukun da ke jikin bakin. Idan rawar ta ƙi tsayawa, a sauya bakin. Maigidan shago ya koya wa yaransa wannan tun kafin ya bar su su kunna injin, domin amanar mai kawo gyara tana cikin ramin da ba zai iya aunawa da kansa ba.