Kwamfuta a Ko'ina: Abin da Aka Yi Tsammani da Abin da Ya Zo

'Yan'uwa manoma, wayar da ke aljihunku ƙaramar kwamfuta ce. Tun kafin ta iso hannunmu akwai waɗanda suka hango zuwanta.

A shekarar 1988 wani masani mai suna Mark Weiser, ma'aikaci a wurin bincike na kamfanin Xerox a Kalifoniya ta ƙasar Amurka, ya soma maganar cewa wata rana kwamfuta za ta kasance a ko'ina. A 1991 ya rubuta bayaninsa a mujallar Scientific American. Shi da abokan aikinsa sun ƙera na'urori iri uku: ƙarama mai shiga tafin hannu, matsakaiciya kamar fallen takarda, da babba kamar allon makaranta.

Wajen girma, maganarsa ta tabbata. Ya rasu a 1999, iPhone ta fito a 2007, iPad kuwa a 2010. A Nijeriya ma, tun da wayar GSM ta shigo a 2001, manomi yana iya jin farashin masara kafin ya ɗora buhu a mota.

Amma abu biyu sun sha bamban. Na fari, ya yi tsammani matsakaiciyar na'urar za ta zama kamar takardar da ke kan tebur, kowa ya ɗauka ya yi aiki ya ajiye. Yau kuwa kowa da tasa, da sunansa da asirinsa a ciki. Na biyu, ya so na'ura ta yi aikinta shiru, har mutum ya manta da ita. Watau kamar fartanya: mai noma ba ya kallonta, ciyawa yake kallo. Wayar yau ita ce ke kiran mai ita. Dalili kuwa, kamfanoni da yawa daga talla suke samun kuɗi, gwargwadon daɗewar mutum yana kallo.

To, mene ne namu a nan? Kafin ƙungiya ta kashe kuɗinta a kan wata na'ura, a tambaya: za ta rage mana aiki, ko za ta cinye lokacinmu? Ran taro a ajiye wayoyi, sai ta magatakarda. Lambar sirri ta asusun ƙungiya kuwa, kada a faɗa wa kowa ta waya. Kayan aiki nagari shi ne wanda ya bar hankalin mutum a kan gonarsa.