Dokin Da Ƙurji Ya Kusa Kayarwa

A ƙasar Amurka an yi wani jan ingarma wai shi Secretariat, wanda har yau masu tseren dawaki ba su daina zancensa ba. An haife shi ran 30 ga Maris, 1970, a wata gona a jihar Bajiniya. Ubansa Bold Ruler gwanin gudu ne, uwarsa kuwa goɗiya ce mai kyawun iri.

Da mai gonar, Christopher Chenery, ya rasu a farkon 1973, sai harajin gado mai nauyi ya hau kan iyalinsa. Don haka 'yarsa Penny ta yarda a raba dokin kashi 32, kowane kashi dala 190,000, watau dala miliyan 6 da dubu 80 ke nan. Masu saye sun zuba kuɗinsu ne da fatan samun irinsa.

To, saura mako biyu a yi babban tseren Kentaki, sai aka kai shi wani tsere a New York, ya zo na uku. Hankalin masu kuɗi ya tashi, wasu suka ce ai ba shi da jimirin dogon zango. Ashe ƙurji ne ya fito masa a ƙarƙashin leɓen sama, linzami yana taɓa shi. Aka yi ta gasa wurin da tsumma da ruwan zafi har ya fashe.

Ran 5 ga Mayu ya ci tseren Kentaki, mil ɗaya da kwata, cikin ƙasa da minti biyu. Bayan mako biyu ya ci na Preakness. Sa'an nan ran 9 ga Yuni, a Belmont, ya yi mil ɗaya da rabi cikin minti 2 da daƙiƙa 24, ya ba na bayansa ratar tsawon doki 31. Shekara 25 ke nan rabon da a ga dokin da ya haɗa ukun nan. Duka-duka ya shiga tsere 21, ya ci 16.

Daga nan aka mai da shi barbara a Kentaki. A 1989 ciwon kofato ya kama shi, irin wanda naman cikin kofaton kan kumbura har doki ya kasa tsayawa. Da magani ya gagara, aka kashe shi ran 4 ga Oktoba don a hutar da shi.

Masu dawaki da jakuna su lura. Dabbar da ta ƙi linzami, ko ta rage cin abinci, a buɗe bakinta a duba kafin a ɗauki bulala. A riƙa ɗaga ƙafa ana share kofato kullum. Kada kuma a cika wa doki dawa ko gero lokaci guda, domin yawan hatsi yana cikin abubuwan da kan jawo wannan ciwo. In kofato ya yi zafi, doki yana ɗingishi, a hanzarta kiran malamin dabbobi.