Tabarau da Bindiga: Gyaran Idon Soja da Hasken Lesa

Wanda ya zauna a Ƙofar Ran ba zai rasa ganin sojoji suna wucewa ba, domin Bauchi gari ne na soja, ga Birged ta 33 ta manyan bindigogi a barikin Shadawanka, ga kuma makarantar koyon yaƙi da motoci masu sulke. Amma kaɗan ne daga cikinmu ke tunanin irin wahalar da tabarau ke jawo wa mutumin da aikinsa rarrafe ne cikin ƙura, da gadi cikin dare, da saitin abin da ke nesa, alhali gumi na kwarara a kan gilashin, in kuwa ya faɗi ya fashe, to mai shi ya koma abin tausayi a inda ba a tausayi.

Wannan larura ce ta sa sojan ƙasa na Amurka suka buɗe shirin gyaran ido da hasken lesa a 2000, shekara biyar bayan hukumar magunguna ta ƙasar ta halatta aikin. Hikimarsa ita ce, a gaban baƙin ido akwai wata fata garai-garai wadda kaurinta bai wuce kimanin rabin milimita ba, ita ce ke lanƙwasa yawancin hasken da ke shiga ido, saboda haka in aka kankare ta daidai gwargwado, sai mai ganin kusa kaɗai ya riƙa hango nesa.

Saɓanin likitoci a kan hanyar yin aikin yake. A hanyar da ake kira PRK, ana share saman fatar a haska lesar, sai mai jinya ya sha raɗaɗi na kwana uku ko huɗu, ganinsa kuma ba ya washewa sosai sai bayan makonni. A hanyar LASIK kuwa, ana yanka wani siririn ɓawo a ɗaga shi kamar faifai a bakin ƙwarya, a yi aikin a ƙarƙashinsa, a mayar, washegari mutum na gani tar. Da likitocin sojan suka tattara sakamakon dakaru fiye da 16,000 da aka yi wa aikin daga 2000 zuwa 2003, sai suka tarar mafi rinjayensu sun sami cikakken gani ba da tabarau ba, kuma nazarce-nazarcen da suka biyo baya sun nuna cewa bayan watanni hanyoyin biyu kusan wuri ɗaya suke kaiwa. Duk da haka PRK suka fi yi, bisa hujjar cewa ɓawon nan ba ya komawa da ƙarfinsa na asali, kuma duka mai tsanani na iya goce shi, ko da yake hakan nadiri ne. Sai a 2007 sojan sama na Amurka suka yarje wa matuƙansu LASIK.

Abin da ya dame ni shi ne, sakamakon nan a wata ƙasa aka same shi, kuma a kan samari zaɓaɓɓu waɗanda aka auna kaurin fatar idonsu, aka mayar da wanda bai cancanta ba. Illar LASIK da aka fi sani bushewar ido ce, ta PRK kuwa wani hazo-hazo da hasken rana ke tsanantawa, mu kuwa ga hunturu da ƙurarsa, ga ranar bazara, ga sojan da za a iya turawa dajin Borno tun idonsa bai gama warkewa ba. Wajibi ne a kan likitocin sojanmu, tare da Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, su riƙa rubuta sakamakon duk sojan da aka yi wa aikin, su bi shi shekara da shekaru, sa'an nan su yanke hukunci.

Farar hula kuma ya sani, wannan aiki ba ya cire yanar ido, ba ya maganin hawan jinin ido, kuma wanda ya haura shekara 40 zai nemi tabarau na karatu ko da an yi masa.