Jinkirin Maganar Yaro: Abin da Ya Tabbata da Abin da Ake Faɗa Kawai

Magana ba ta zuwa wa yaro rana ɗaya, domin tun yana wajen wata shida yake fara gwaranci, wato maimaita gaɓoɓi irin su "ba-ba" da "da-da" ba tare da nufin komai ba, sannan kalmar farko ta fito a kusa da cikar shekara, kafin ya kai ga haɗa kalmomi biyu, kamar "ba ni" ko "Inna zo", a wajen shekara biyu. Tsakanin yaro da yaro akwai tazarar watanni, kuma a cikin wannan tazara ne maganganu iri-iri suke samun gindin zama a gidajen Anka da Gummi da Bukkuyum na jihar Zamfara.

Wanda ya fi yaɗuwa shi ne cewa linzami, wato siririyar fatar da ke ƙarƙashin harshe, shi ne ke riƙe maganar yaro, don haka sai a kira wanzami ya yanke shi. Gaskiya ne linzami mai tsauri yana iya hana jariri kama nono da kyau, amma ba shi ke hana kalmomi fitowa ba, saboda a ƙwaƙwalwa ake gina magana, ta hanyar abin da kunne ya ji. Askar da ba a tafasa ba kuwa tana iya jawo zubar jini ko sandarewar jiki da ake kira tetanus. Haka nan zancen cewa harshe biyu yana rikita yaro bai da tushe: ɗan da ke jin Fulatanci a ruga da Hausa a kasuwar Gummi zai riƙa cakuɗa su na ɗan lokaci, amma idan aka haɗa kalmominsa na harsunan biyu ba ya bayan tsararsa. Cewa namiji ya fi mace jinkiri yana da ƙanshin gaskiya, sai dai bambancin kaɗan ne, bai isa ya zama hujjar zuba ido ga ɗan shekara biyu da bai furta komai ba. In'ina ma ba cakulkuli ke kawo ta ba. Takan fara tsakanin shekara biyu zuwa biyar, gado yana da hannu a cikinta, kuma yawancin yara suna rabuwa da ita.

Abin da ya tabbata, wanda kuma aka fi sakaci da shi, ya shafi kunne da gubar dalma. Sanƙarau, wanda annobarsa ta 2016 zuwa 2017 ta faro daga Zamfara, da ƙyanda, da ciwon kunne mai zubar da mugunya, duk suna iya rage ji, kuma yaron da ba ya waiwayowa idan kwano ya faɗi a bayansa ya cancanci a duba kunnensa kafin a ce miskili ne. Dalma kuwa wannan yanki ya san ta fiye da kowa. A 2010 ne likitocin ƙungiyar MSF suka gano mace-macen yara a ƙauyuka irin su Dareta da Abare na Anka da Yargalma ta Bukkuyum, inda a lokacin ake niƙa dutsen zinariya mai ɗauke da dalma a cikin gida, wani lokaci da injin da ake niƙa hatsi, ƙurar tana sauka a tsakar gidan da yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara kusan 400 suka rasu, kuma sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar ƙauyen Bagega. Masu cewa wanda ya sha maganin dalma ya warke sarai sun faɗi rabin gaskiya, domin maganin yana rage dalmar da ke cikin jini amma ba ya mayar da abin da ta riga ta lalata a ƙwaƙwalwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Yaro yana iya zama lafiya lau a ido, alhali fahimtarsa da maganarsa suna ja da baya.

Ba a gama koyon magana da yaye. Tatsuniyar da kaka ke yi da dare tana koya wa yaro jera labari daga farko zuwa ƙarshe, zaurance yana nuna ya iya rarraba kalma gaɓa-gaɓa, habaici da karin magana kuwa sai ya tasa yake gane inda suka dosa. Uwar da ke kunyar ɗan fari ba ta cuce shi ba matuƙar akwai goggo ko yaya da ke amsa masa gwarancinsa, domin amsawar ce ke gina harshe, abin da rediyo ko waya ba sa yi. Yaron da ya kai wata goma sha takwas babu kalma ko ɗaya, ko wanda ya fara magana sannan ta ɗauke, asibiti ya kamata a kai shi, kuma idan ana aikin zinariya a gidansu ko a maƙwabta, a gaya wa ma'aikacin lafiya tun kafin ya tambaya.